Langar Kwamared da Zauren da Na Rushe

Ni ne na yi kuskure. Ba Baffa Liman ba ne, ba kuma Kwamared Isiyaku ba. Na fara wannan babi da haka ne domin na gaji da jin yadda ku 'ya'yana kuke juya labarin. Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Maryam ina zaune na ji ɗayanku yana gaya wa surukanmu wai lokacin da Allah ya buɗa mini, tsofaffin unguwa hassada suka yi mini har suka tilasta mini na sayar da mota. Ban tanka ba saboda baƙi, amma ko loma ban ƙara ba. Babu wanda ya yi mini hassada, babu wanda ya tilasta mini. Abin da ya faru shi ne na rushe zauren babana don mota ta sami wurin kwana, kuma da na rushe shi na raba wani dattijo da tuwonsa na kullum. Da farko ban sani ba. Daga baya na sani, na kuma ƙara ɓata abin. Ku ajiye wayoyin nan tukuna ku karanta.

Manyanku sun ɗan riski zauren, ƙananan ba su san shi ba. Na ƙasa ne, kakana ya gina shi a nan Ƙofar Guga, rufin azara, bango mai kauri, ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Ƙofa biyu gare shi, ta waje da ta cikin gida, kuma ba su kallon juna, don haka wanda ke zaune ciki ba ya hango tsakar gida. A jikin bango, dab da ƙofar ciki, akwai alkuki, wato ɗan ramin da ake ajiye fitila a da. Ku riƙe alkukin nan a ranku. A zauren nan ake ciyayya. Kullum bayan magariba kowane magidanci a lungunmu zai zo da tuwon gidansa, a jera a tsakiyar tabarma, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, a ci tare. Kowa ya san kwanon kowa, amma hannu ba ya zaɓe.

Mutum uku ne suka sa ciyayyarmu ba ta taɓa yin shiru ba. Baffa Liman ƙanen babana ne, shi ke jan salla a masallacin lungu, ɗan ɗarika, carbi ba ya barin hannunsa, a siyasa kuma tun yana saurayi bayan sarakuna yake. Kwamared Isiyaku tsohon malamin firamare ne, ɗan jam'iyyar talakawa tun zamanin da ake ɗaure mutum a kan haka, shi ma an ɗaure shi. Yana salla, amma bakinsa bai bar malamai ba, kullum cewa yake su da masu kuɗi kwano ɗaya suke ci. Matarsa ta rasu, ɗiyarsa ɗaya tana aure a Maraɗi, shi kaɗai yake zaune a wani ɗaki a ƙarshen lungu. Na uku ƙanena ne Abdulhadi, wanda kuke kira Baba Ustaz. Tun da ya dawo daga karatu da gemu da ɗangalallen wando ya daina bin Baffa salla, sai ya tsallaka titi ya je wani masallaci. Amma ciyayya bai daina ba. Na girma ina jin mutanen nan suna musu a kan komai, har a kan ranar da aka ga wata.

"Limamin fada, miƙo miyar nan," in ji Kwamared, "ko ita ma sai an nemi izinin hakimi?"

"Ɗan gurguzu, yi bisimilla tukuna in ji da kunnena."

"Na yi a zuci."

"A zuci kake komi, shi ya sa har yanzu talakawanka ba su ga mulki ba."

In Abdulhadi ya yi dariya sai su biyun su juyo kansa. Haka muke kullum.

Kwamared yana da wata langa shuɗiya, murfinta ya ɓare a gefe, yana ɗaure ta da tsohon ɗankwalin matarsa. Shi ba ya jiran bayan salla kamar kowa. Kafin kiran magariba zai zo ya ɗora ta a alkuki, wai don kada kaji su taɓa, ya wuce masallaci. In an dawo ya sauko da ita. Yana cewa wata ɗiyar ɗan'uwansa ce ke dafa masa. Miyar langar nan ta fi ta kowa daɗi, daddawa ta ji, yaji daidai. Sau nawa na shiga gida na ce wa mahaifiyarku ta je ta koyi miya wurin mai dafa wa Kwamared. Sai ta dube ni ta ce to, Alhaji. Shekara da shekaru tana ce mini to.

Ni ɗan hatsi ne, kun sani. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. A shekarar da nake ba ku labari na sayi gero da wake da yawa da kaka a Batagarawa da kasuwannin ƙauye, kafin damina farashi ya tashi yadda ban taɓa gani ba. Abin ya zo mini gaba ɗaya, kuma kaina bai ɗauka ba. Abokan kasuwancina duk sun koma sababbin unguwanni, gidajen bulo da tayil da dogon get. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya rako ni gida, ya leƙa zauren, ya ga tsofaffi a kan tabarma, ya yi murmushi ya ce ashe Alhaji Lawal har yanzu a gidan tarihi yake kwana. Maganar nan kaɗai. Da ita na kwana, da ita na tashi. Cikin sati na sayi babbar jif baƙa, alhali daga gida zuwa rumfata tafiyar ƙafa ce da na yi shekara ashirin ina yi ban gaji ba. Da mota ta zo sai aka rasa inda za ta kwana. Na auna, na sake aunawa, na ga babu wuri sai zaure.

Na faɗi niyyata a wurin ciyayya ina jiran a ce Allah ya sanya alheri. Babu wanda ya ce. Washegari da hantsi ina shirin fita sai ga mutum uku sun yi sallama tare: Baffa a gaba, Kwamared da sandarsa, Abdulhadi a baya. Tunda nake ban taɓa ganin su sun jero hanya ɗaya ba. Aka gaisa, aka tambayi kwana da gajiya da iyali da kasuwa, sannan Baffa ya gyara zama.

"Lawal, duniya masauki ce. Ubanka ya fi ka samu a zamaninshi, bai taɓa bangon nan ba. Mi mota za ta yi maka da ƙahwarka ba ta yi ba?"

"Baffa, zamani ne ya canza."

"Ba zamani ba ne, Yaya," in ji Abdulhadi. "Almubazzaranci ne, kuma akwai riya a ciki. Ba don buƙata ka saye ta ba, don a gani ne. Abin da Baffa ya hwaɗa gaskiya ne."

Baffa ya juya ya dube shi kamar bai ji daidai ba.

"Sake hwaɗi, Ustaz. Yau ni na yi gaskiya?"

"A wannan kaɗai, Baffa."

Kwamared ya buga sanda a ƙasa.

"Ku bar wa'azi ku kira abin da sunanshi. Yaro, kai kana ganin ka sayi mota. Motar ce ta saye ka. Yau ta ce a ba ta ɗaki, ka kori mutane ka ba ta. Gobe za ta ce a yi mata get, jibi mai gadi. Waɗanda suka ƙera ta can ƙasarsu ba su san sunanka ba, amma sun shigo gidanka sun tashi ubanninka daga tabarma. Abin da muka sha ɗauri a kanshi kenan."

"Abin da waliyyai suka hwaɗa tun kahin a haihi jam'iyyarku," in ji Baffa.

"To mi ya sa almajiran waliyyan suka fi kowa dogayen motoci?"

"Wannan ka tambayi masu wa'azin talabijin," Baffa ya nuna Abdulhadi da carbi.

Nan suka manta da ni suka kama musu a kan wanda ya riga wani gano cewa kaya na cinye mutum. Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Na ce a zuciyata, mutum uku da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, yau sun haɗu a kan motata? Maimakon wannan ya sa in tsaya in yi tunani, sai na ɗauka shi ne shaidar hassada. Kun ga inda kuka gaji maganar. Daga bakina ta fito. Na miƙe na ce musu gidana ne, gumina ne, kuma wanda bai taɓa riƙe abin duniya ba shi ya fi kowa iya zaginta. Kwamared nake nufi, ya kuma gane. Ya ɗauki sandarsa. Baffa ya tsaya a bakin ƙofa, bakinsa ya motsa kamar akwai wata magana, sai ya haɗiye ya ce Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarku ma ta gwada. Da na shiga ciki ta tare ni da tambaya ɗaya.

"Alhaji, to alkukin fa?"

"Wane alkuki?"

"Na zaure. In an rushe, a bar mini shi ko a wani gefe."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ina shirin sa mata sola a kowane ɗaki tana maganar ramin fitila. Ta ce to, Alhaji.

Wanda na kira ya ƙera get shi ne Malam Bulus mai walda, Kirista ne, mutumin Malumfashi, aikinsa babu algus. Ya zo da tef ya auna, ya shiga zauren ya ɗaga kai ya dubi azara, ya shafa bango.

"Alhaji, aiki dai ina so, amma wannan ɗakin za a kashe?"

"Kai ma limami ne?"

"A'a. Ni dai get nake ƙerawa shekara da shekaru. Duk wanda na yi wa, bayan wata shida zai kira ni in ƙara tsawo. Bayan shekara in sa mashi ƙarhe mai tsini a sama. Har yau ba wanda ya kira ni ya ce Bulus, yanzu ina barci lahiya. Mu ma a cocinmu abin da ke cinmu kenan. Ranar Lahadi sai ka rantse gasar leshi da mota aka zo. Fastonmu ya yi magana har muryarshi ta dushe, mu ce amin, mu fito mu duba motar wa ta fi."

Na ce masa na kira shi walda ne ba huɗuba ba. A raina ina cewa, yau kuma har coci ta shigo cikin maganar zaurena? Ɗan ɗarika, mai gemu, ɗan gurguzu, ga kuma Kirista, kowa da littafinsa, kowa da inda yake fuskanta, baki ɗaya. Mai hankali da ya ji haka sai jikinsa ya yi sanyi. Ni sai na ƙara wa get ɗin tsawo.

Kwana biyu aka yi ana rushe abin da ya shekara fiye da tamanin a tsaye. Aka zuba siminti, aka manna tayil, aka kafa get baƙi mai ƙararrawa. Sai ranar shigar da mota na gano abin da kowane jariri a lungun ya sani, wato lungunmu ba a yi shi don jif ba. Sai an yi gaba, a yi baya, a yi gaba, mutum biyu suna ɗaga hannu suna nuna mini inda zan karya kwana, mai acaɓa na zagi a baya, mata masu tallan fura sun manne da bango. A satin farko na goge gefenta sau biyu. Daga ƙarshe na koma tafiya kasuwa da ƙafa kamar da, don fito da ita ya fi tafiyar wahala. Tana ciki lulluɓe da tamfol, a daidai inda Baffa ke shimfiɗa buzunsa.

Ciyayya kuwa na ce ai ba ta mutu ba, a shigo falo. Dattawa suka danna ƙararrawa, suka jira a buɗe, suka ratsa gefen mota, suka zauna a bakin kujeru kamar masu jiran likita. Wani ya ɗiga miya a kafet ya yi ta ba da haƙuri. Ba su sake shigowa ba. Aka koma shimfiɗa tabarma a waje jikin get, inda kowa ke ganin kowa yana fitowa daga gidansa da kwano a hannu. Kwamared ya zo sau biyu hannu wofi, ya ce ya riga ya ci, ɗiyar ɗan'uwan nasa ta yi tafiya. Aka yi aka yi ya sa hannu ya ƙi. Daga nan bai sake zuwa ba. Da ruwan farko ya sauka tabarmar ma aka naɗe, kowa ya koma cin nasa a bayan ƙofarsa. Na ce Kwamared fushi yake da ni, ya yi ta yi.

Wajen wata biyu bayan haka, ana sallar azahar, ya yanke jiki ya faɗi a sahu. Aka kai shi wurin wani ma'aikacin lafiya a unguwa, ya duba shi ya ce ba wata cuta, cikinsa ne babu komai, kuma ba yau ya fara ba. Na shigo gida ina faɗa, ina cewa wace irin ɗiyar ɗan'uwa ce za ta bar tsoho haka. Mahaifiyarku tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Babu wata ɗiyar ɗan'uwa, Alhaji. Ni ce."

"Ke ce mi?"

"Langar wofi take zuwa. In kun tahi masallaci sai in miƙa hannu ta ƙofar ciki in ɗauko ta a alkuki, in zuba, in mayar. Inna mahaifiyarka ce ta fara tun rasuwar matarshi, Baffa ya roƙe ta. Da za ta rasu ta damƙa mini, ta ce ko kai kada in gaya mawa, don bakinka ba ya riƙe magana. Miyar da kake cewa in je in koya, tawa ce. Daddawa nake ƙarawa da ɗan yaji don kada ku gane tukunya ɗaya ce."

Na zauna a kan turmi. Ta ce tun da aka rushe zauren sau uku tana aika masa abinci ɗakinsa, yana maidowa, yana cewa a gaya mata ya gode amma shi bai fara bara ba. A zaure yana zuwa ne da kwanonsa kamar kowane magidanci, ya ci na wasu, wasu su ci nasa. A ƙofar ɗakinsa kuwa sadaka ce.

Da a nan na tsaya na yi tunani, da babin nan ya gajarta. Amma kan da ya sayi jif bai warke ba. Na ce yunwa ce? Abu mai sauƙi. Washegari da rana tsaka na sa aka yaye tamfol, aka yi gaba aka yi baya aka fito da mota, na cika bayanta da buhun shinkafa da katan-katan na taliya da jarkar mai, na tuƙa ta har ƙarshen lungu, na danna ham a ƙofar Kwamared. Lungu ya fito kallo. Ina jin daɗi, wallahi ina jin daɗi, ina ganin yau za a san motar nan tana da amfani. Ya fito yana dafa bango, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya dubi kayan, ya dubi mutane, ya dube ni.

"Alhaji Lawal, ina mai hoton? Ko ka manta da shi?"

"Baba, ba haka ba ne."

"An ɗaure ni ina saurayi don na ƙi durƙusa wa mai doki. Yanzu da tsufana zan durƙusa wa mai mota? Shekara goma sha ina cin tuwon gidanku, ba wanda ya taɓa kallona. Yau ka tara mini gari. Kwashe kayanka."

Ya shiga ya saki labule. Juyawa da motar a ƙarshen lungu ya ɗauke ni kusan rabin awa, mutane na kallo, buhun shinkafa na leƙe ta gilashi.

Da la'asar Baffa ya aiko a kira ni. Na tarar da Abdulhadi zaune a gefensa a kan buzu ɗaya, abin da rabona da gani tun muna yara.

"Na riƙe sirrin mutumin nan shekara da shekaru," in ji Baffa. "Kullum shina zagina, kullum ina ramawa, ban taɓa bari ya ga tausayi a idona ba, don na san ranar da ya gani ya daina zuwa. Kai cikin rana ɗaya ka tallata shi."

"Baffa, taimako na yi niyya."

"Taimako da ham, Yaya?" in ji Abdulhadi. "Ko alherin ma sai ka loda shi a mota a gani? Kai komi a wurinka kaya ne. Ka ɗauka abin da ya rasa kaya ne."

Na tashi ina huci. Har lokacin ina ganin an yi mini rashin adalci. Na yi wata guda ba na gaida kowa da kyau. Abdulhadi ne ya samo dabara a tsakanin, ya riƙa ɗaukar tuwonsa ya je ɗakin Kwamared wai ya zo musu a kan addini da gurguzu, su yi ta gardama suna ci. Wani lokaci Kwamared ya ci, wani lokaci ya kore shi. A cikin watan nan Baffa ya kwanta, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Bai sake zama a inuwar gidan yayansa ba, kuma maganar ƙarshe mai tsawo da ya yi da ni ita ce wadda na rubuta muku a sama. Wannan shi ne abin da jif ta ci mini, ba kuɗi ba.

A maƙabarta na ga abin da ya karya ni. Kwamared, wanda ya shekara hamsin yana kiran Baffa limamin fada, ya durƙusa a bakin kabari yana zuba ƙasa da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa, yana cewa wa zai ce mini in yi bisimilla yanzu. Malam Bulus ma ya zo, ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu. Abdulhadi ne ya ɗago Kwamared. Na tsaya ina kallonsu, na ga duk mutanen da na kira mahassada, kowannensu ya ba wani abin da ba a saye a kasuwa, ni kaɗai ne a wurin da babbar riga sabuwa da hannu wofi.

Bayan addu'ar bakwai na sayar da motar. Na kira Malam Bulus ya cire get. Bai ce ai na gaya maka ba, ya dai tambaya ko zan yi masa alkawarin ba zan kira shi in ƙara tsawo ba. Na sa birkila ya tayar da zaure a wurin, ƙofa biyu da ba su kallon juna, da alkuki dab da ƙofar ciki. Birkilan ya yi ta tambaya ko soket za a sa a ramin. Na bulo ne, da rana zafi kamar tanda, bai kama ƙafar na kakana ba, kuma ba duka dattawan suka dawo ba, wasu sun saba da cin nasu su kaɗai. Shi ne zauren da kuka sani, wanda kuka taso kuna ganin wani tsoho mai sanda yana ɗora shuɗiyar langa a alkukinsa har shekarar da ya rasu, kuna dariyar yadda yake zagin talabijin. Yanzu kun san abin da ke cikin langar in ta zo, da wadda ke cika ta. Kuma kun san dalilin da ya sa raina ke ɓaci in na ga kun canza waya alhali ta hannunku ba ta lalace ba, ko na ji kuna cewa a rushe zauren nan a yi shago.

Amma gini bai dawo da Kwamared ba. Sati biyu zaure na tsaye bai leƙo ba. Mahaifiyarku ce ta ce mini, Alhaji, bango ka gyara, mutumin fa? Ran nan da safe na sa tsohuwar rigata ta zuwa rumfa, na taka da ƙafa, ban riƙe komai ba. Na yi sallama sau uku kafin ya amsa. Yana zaune a kan tabarma da rediyonsa, langar tana kife a kan taga, ƙura ta rufe ta. Na tuɓe takalmi na durƙusa a bakin ƙofa.

"Tashi," ya ce. "Ba a durƙusa mini. Akida ce."

Ban tashi ba. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ya leƙa bayana.

"Ina motar? Yau mi ka kawo?"

"Ban kawo komi ba, Baba. Kun hwaɗa mini gaskiya, kai da Baffa da Ustaz da Bulus, na kira ku mahassada. Na ce wanda bai riƙe duniya ba shi ke zaginta, da kai nake, kuma ƙarya na yi. Na rushe maka wurin zama don ƙarhe ya kwana, na bar ka da yunwa, na zo na tona maka asiri a gaban lungu ina jin daɗi. Baffa ya tahi ban roƙe shi ba, kada kai ma ka tahi. Ciyayya ba ta da daɗi, ba wanda ya iya miyar langarka. Don Allah, Baba Isiyaku, ka yahe mini."